Daminar da Muka Gasa Gilasai a Tukunyar Kek

Dakta Haladu ne ya sa aka kira ni ɓarawo. Shi ya miƙo mini gwangwanin da hannunsa, shi ya ce in fita da shi, kuma ranar da aka buɗe gwangwanin a bakin get a gaban jama'a, shi ya dube ni ya ce bai san komai a kai ba. Da wannan maganar aka raba ni da aikina, aka liƙa mini sunan da na yi sama da shekara ashirin ina yawo da shi a Dilimi, unguwarmu a nan Jos. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya zaci labarin ruwan sama na zauna bayarwa.

Amma ruwan saman ne ya tono shi. Daminar bana ta zo da halin waccan sak. Kwana tara ke nan rana ba ta fito ta yi awa guda cur ba. Gishirin Uwani, matata, ya narke a cikin roba. Ashana sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Ranar Talatar da ta wuce aka yi ƙanƙara manya-manya, ta farfasa gilasan taga a rabin gari. Ni kuwa yankan gilashi ne sana'ata yanzu, shagona yana kan hanyar da ta gangaro daga Taminus zuwa Dilimi, don haka tun ranar ban zauna ba. Ina yanka ina jin warin danshi a bango, sai waccan damina ta dawo mini ɗanya.

Ban yi boko mai zurfi ba. A aji uku na sakandare na tsaya, lokacin da ciwon ƙirjin da mahaifina ya kwaso a ramin kuza ya kwantar da shi. Aka samo mini aiki a wata kwaleji. Ba zan kira sunanta ba, ginin bai yi mini komai ba. A takarda, aikina shara da wankin kwalabe a lab ɗin kemistiri, ƙarƙashin Dakta Haladu. A zahiri kuwa, cikin shekara shida babu abin da hannuna bai iya ba a ɗakin nan. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Ina goge tebur ina kallo.

Akwai wani gwaji da ɗaliban ajin ƙarshe ke yi kowace shekara, na gane irin maganin ciwon kan da ke cikin ƙwaya. Sunansa da Turanci ya fi bakina tsawo, ɗalibai suna ce masa ti-el-si. Abin ba wuya. Ka yanko gilashi kamar tsawon tafin hannu. Ka dama wata farar hoda da ake kira silika, ka shafe fuskar gilashin da ita siriri, ka bari ta bushe. Ka daka ƙwayar a ɗan turmin tangaran, ka narkar da garin a sifirit. Ka ja layi a ƙasan gilashin da fensir. Fensir fa, ba biro ba, don tawadar biro tana bin ruwa ta ɓata maka aiki. A kan layin ka ɗiga ɗigo ɗaya na ƙwayar da ba ka sani ba, a gefensa ka jera ɗigon waɗanda ka sani: farasitamol, asfirin, ibufurofen, da kafeyin, sinadarin nan na goro da kofi da ake haɗawa a wasu. Sai ka tsayar da gilashin a kwalba mai ɗan ruwan kemikal a gindi, mai warin abin goge jan farce, ka rufe.

Ruwan zai dinga hawa hodar kamar yadda danshi ke hawa bangon ƙasa, yana jan ɗigon nan sama. Kowane magani da inda ƙarfinsa ke ƙarewa. Kafeyin malalaci ne, ba ya nisa. Farasitamol ya ɗan wuce shi. Asfirin ya wuce su duka biyun, ibufurofen kuwa sai can kusa da baki. Ka ciro gilashin ka sa a kwalbar aidin, tururin ya fito da su launin ƙasa-ƙasa, ka yi maza ka zagaye kowanne da fensir kafin ya dushe. Wanda ba ka sani ba, ka duba da wa ya jera kafaɗa. Shi ke nan. Kwali yana iya yi maka ƙarya, mai sayarwa yana iya yi, gilashin nan ba ya yi.

Sharaɗinsa ɗaya ne. Sai an gasa hodar a obin awa guda ta bushe ƙayau. In ta sha danshi, duk ɗigon sai su ruga sama tare su cakuɗe, su bar maka dogon jirwaye kamar sawun dodon koɗi.

Shekarar da babbar kasuwa ta ƙone ce. Kafin gobarar, Uwani tana yin kek da cincin, ni nake kai wa yayanta shagonsa a cikin kasuwa in zan wuce aiki. Wuta ta cinye shagon, ta cinye cinikin Uwani tare da shi, yayan nata da iyalinsa suka dawo cin tukunyarmu. Albashin mai shara kuwa, ko mu huɗu, ni da ita da yaranmu biyu, ba ya kai mu tsakiyar wata. Sai damina ta sauko a kan haka.

Wanda bai yi damina a Jos ba yana zaton ruwa jiƙa mutum kawai yake yi. Namu har ƙashi yake shiga. Gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, ya kwana, ya wuni. Da asuba ruwan alwala kamar ana yanka maka yatsu. Kwanon ɗakinmu yana yoyo a wuri uku, Uwani ta san inda kowace roba ke zama ko ido a rufe. Wanki ya yi kwana huɗu a igiya yana wari. Da safe koko ba sukari, tsararo, kana ganin gindin kofi. Da rana babu. Da yamma gwaten tsakin masara da yakuwa, ba mai ba kifi, a zuba wa yara tukuna. Dankalin turawa ya ruɓe a gona saboda yawan ruwa, wanda ya iso kasuwa ba namu ba ne. Gawayi ma ya yi wuya, motoci sun kasa shiga daji, wanda ka samu jiƙaƙƙe ne, sai ka yi ta fifita idonka na hawaye.

A farkon watan Agusta aradu ta faɗa wa taransifomar kwaleji. Wuta ta tafi, ba ta ce ga ranar dawowa ba. Janareto ɗaya ne, shi kuma na ofishin shugaban kwaleji ne. Obin ɗinmu ya zama akwatin ajiye tsumma. Kuma saura mako uku baƙi su zo daga sama, masu duba ko sashenmu ya cancanci a bar shi ya ci gaba ko a rufe. Duk injin da ke lab ɗin wuta yake ci. Gwajin gilashin nan kaɗai Dakta zai iya nuna musu, shi ma ga shi danshi ya kashe.

Ya ɗaga gilashi sama yana kallon jirwayen. "Tanko, me ka yi wa abin nan?"

"Oga, ba ni ba ne, damina ce."

"To ka je ka gaya wa damina baƙi suna zuwa!" Ya wurgar da shi a kwandon shara.

Da yamma ina cin gwate ina ba Uwani labari, don kawai in sauke abin da ke raina. Ta ce, "Malam, wane irin zafi abin yake so?"

Na ce zafin da ya ɗan wuce na tafasar ruwa, awa guda, kuma ba a so hayaƙi ya taɓa shi.

Ta ajiye ludayi ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun kafin gobara. "Ashe kek ne. Duk wannan tashin hankali na masu digiri, ashe kek ne."

Ta jawo tukunyarta daga bayan ƙofa. Babbar tukunyar dalma ce, da yashin rafi wankakke a gindinta kamar kaurin yatsa uku. Haka matan da ba su da obin suke gasa kek. A ɗora tukunya a kan garwashi, yashin ya ɗauki zafi ya riƙe shi daidai, a jera gwangwanaye a kai, a rufe ruf. Wuta ba ta taɓa kek ɗin, hayaƙi ba ya shiga.

Washegari na gaya wa Dakta. Ya yi dariya har da buga tebur. "Matarka? Tukunya?" Sai dariyar ta tsaya, don ya tuna ba shi da wata dabara. Ya jawo durowa ya ciro wani gwangwanin biskit mai murfi da yake ajiye shayi da sukarinsa, ya zazzage, ya miƙo mini. "Gwada."

Dokar kwalejin ita ce, ko tsinke ne zai fita get sai da takarda mai sa hannun oga. Na ce, "Oga, takardar fita fa?"

"Takarda? In rubuta da hannuna cewa na aika kayan lab ɗina kicin ɗin matarka? So kake a yi mini dariya har in mutu?" Ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. "Ni ne takardarka, Tanko. In wani ya tare ka, ka ce a kira ni."

Bayan sallar asuba Uwani ta hura wuta. Ta gwada zafin yashin da bayan hannunta, ta ɗiga ruwa a kan murfin gwangwani, ya yi cuu ya ɓace, ta ce ya yi. Muka jera gilasan a kan faifan ƙarfe, ta rufe, ta dinga rage garwashi tana ƙarawa kamar mai jinyar jariri. Da awa ta cika na kwashe su da zafinsu na zuba a gwangwani na danne murfi. A lab, ɗigo huɗu suka hau suka tsaya kowanne a mazauninsa, zagaye tsaf kamar an ɗiga da ido. Ko a obin ban taɓa ganin sun yi kyau haka ba. Dakta ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kullum ka kawo goma sha biyu. Kada kowa ya ji."

Haka muka shiga. Da rana in yanka gilashi in shafa hoda. Da yamma in fita da su. Da asuba a gasa. Gawayin da za a yi girki da shi, gilasai ke cinye rabinsa, kokon yara a kan ragowar garwashi ake ɗumama shi. Ban taɓa jin Dakta ya tambayi da me ake hura wutar ba. In cusa gwangwanin a cikin riga, in yafa leda, in taka da ƙafa cikin ruwa har kwaleji. Wallahi sau da yawa ɗumin gwangwanin nan shi ne kaɗai ɗumin da cikina ke samu kafin yamma.

Mai gadin get wani dattijo ne daga Anguwan Rukuba, Baba Pam. Tun ranar farko na buɗe masa ya gani.

"Oga ya sani?"

"Shi ya ba ni, Baba."

"To. Amma ni da akwai takarda, da hankalina ya kwanta."

Daga nan kullum sai ya tsokane ni. "Malam Tanko, wannan biskit naka ba ya ƙarewa ne? Ka ba ni ɗaya mana, rowa ba kyau."

"Baba, wannan in ka tauna, haƙora ukun da suka rage maka ma sun tafi."

A mako na biyu Uwani ta fara ciwon kai. Dole ta yi, mace tana duƙe a kan jiƙaƙƙen gawayi tun asuba da ciki wayam. Tun bayan gobara 'yan kasuwa sun watsu a bakin titin Taminus, kowa da tirensa ƙarƙashin lema. A wurin wani mai tire na sayo mata fararen ƙwayoyi a ƙulle a leda, ya ce farasitamol ne. Na tambaye shi sau biyu, domin Uwani tana da gyambon ciki tun haihuwarta ta fari, kuma a asibiti an ja mata kunne kada ta kuskura ta sha asfirin. Ya ce, "Haba maigida, yau na fara?"

Biyu da safe, biyu da yamma, a kan yunwa. Kwana huɗu. Ta fara riƙe ciki tana cewa kamar an zuba mata barkono. A rana ta biyar, tana tsugune gaban tukunya, ta juya gefe ta yi amai, na ga baƙi-baƙi a ciki. Ta ce ba komai, in kula da wuta kada ta yi yawa.

Na ɗauki ledar maganin na shinshina. Tsami. Na san warin nan. Akwai tsohuwar kwalbar asfirin a lab da take irin wannan tsamin duk damina.

Da gudu na je. Kafin Dakta ya iso na daka ƙwaya ɗaya, na ciro gilashi daga cikin waɗanda ta gasa da safen nan, har yanzu da ɗuminsa. Na ja layi, na ɗiga, na tsayar a kwalba. Minti goman nan da ruwa ke hawa, ban taɓa jin lokaci ya yi mini tsawo haka ba. Na sa a aidin. A kafaɗar farasitamol babu komai, fari fat. Can sama, daidai da asfirin, ga ɗan ɗigo mai haske yana kallona. Na sake. Na kuma sakewa. Sau uku amsa ɗaya.

Na koma gida na kai ta asibiti. Allah ya taƙaita. Suka ce da an ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban. Ta dawo gida a kan kunu da hutu, amma hutun nata a kan tabarma ne kusa da murhu, a lulluɓe da bargo, tana ce mini, "Rage garwashin can, Malam. Kai, za ka ƙona musu kek."

Na nuna wa Dakta gilasan uku, na gaya masa abin da ya faru. Idonsa ya yi haske. Bai ce ya jikinta ba. Cewa ya yi, "A Taminus ka ce? Akwai masu tire da yawa?" Ya aike ni na bi su ɗaya bayan ɗaya cikin ruwa ina sayo ƙwaya. Ni na daka, ni na ɗiga, ni na zagaye da fensir. Wasu gaskiya suke sayarwa, wasu ba ita ba. Shi kuma ya samo manyan kwalaye ya rubuta bayani da Turanci ya manna a bango.

Ranar da baƙi suka zo, su uku, ana tsuga ruwa. Dakta ya sa farar rigar lab da aka goge da dutsen guga na gawayi. Ya jera gilasan a tebur yana cewa binciken da ya gudanar a kan magungunan bakin titi. Ni ina gefe da tsumman goge ƙasa, ina bin sawun takalmansu. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ɗauki gilashi ɗaya ta ɗaga shi wajen taga. Na gane shi, na ƙwayar Uwani ne, na farkon.

Ta ce, "Dakta, an ce kun kusa wata ba wuta. Da me kake busar da su suka yi kyau haka?"

Ya ɗan kalle ni ta wutsiyar ido. Sannan ya ce yana da ɗan ƙaramin janareto a gida, shi yake ɗaukowa a motarsa ya kunna obin, don kada karatun yara ya tsaya. Matar ta gyaɗa kai, ta juya ta gaya wa shugaban kwaleji cewa irin waɗannan malamai ake nema. Na ci gaba da goge ƙasa. A raina na ce ba komai, sashe ya tsira, aikina ya tsira, Uwani ba yabo take nema ba.

Da aka tashi na ɗauki gwangwani kamar kullum, don ɗalibai suna da jarrabawa ranar Litinin. Ban san shugaba ya rako baƙi har bakin get ba. Suna tsaye ƙarƙashin lema ana sallama, Dakta yana cikinsu. A makon nan an sace wayoyin matacciyar taransifomar, shugaba yana neman inda zai nuna shi mai sa ido ne.

Shugaba ya hango ni. "Kai! Me ke cikin rigarka?"

Baba Pam ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, biskit ne na yaransa."

"Buɗe."

Baba Pam ya karɓi gwangwanin ya buɗe. Gilasai goma sha biyu, farare, a jere. Matar mai tabarau ta matso tana kallo.

Ban ji tsoro ba, ka ji wautata. Na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi Dakta."

Shugaba ya juya. "Dakta, ka san da wannan?"

Taku uku ne tsakanina da shi. In ya ce e, sai a tambayi ina za a kai su, janareton da ya ƙirƙira awa biyu da suka wuce ya mutu a gaban matar nan. Ya gyara riƙon lemarsa.

"Ban san komai a kai ba, ranka ya daɗe." Sannan ya ƙara da abin da ko a kabari ba zan manta ba. "Dama na lura kaya suna raguwa."

Na buɗe baki na faɗi gaskiya duka. Na ce gida nake kai su, matata ke gasawa a tukunyar kek da yashi. Wani daga cikin baƙin ya tuntsire da dariya. Direbobi suka kama. "Tukunyar kek!" Gaskiyata ta fito kamar ƙaryar wawan da aka kama bai shirya ba. Baba Pam ya durƙusa a cikin taɓo ya roƙa kada a kira 'yan sanda. Ya so ya ce ya sani tun farko, na harare shi ya yi shiru, don saura masa shekara guda ya yi ritaya, da shi za su haɗa. Bayan kwana biyu aka ba ni takardar kora. Kalmar sata tana ciki, an ja mata layi.

Labari ya riga ni isa Dilimi. Ba wanda ya tare ni ya faɗa mini a fuska. Amma akwai Malam Inuwa tela, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci tun muna samari. Ranar Juma'ar farko da na shigo, ya tashi ya koma bakin ƙofa, ya ɗauko takalmansa ya ajiye a gabansa. Shekara da shekaru yana yin haka. Yarana an kira su 'ya'yan ɓarawon kwalba a makarantar allo. Uwani ta ɗauki tukunyar za ta zubar da yashin a kwata tana kuka tana cewa ita ta ja mini. Na ƙwace na ce ba ita ba ce, kuma ba tukunya ba ce.

Sauran daminar a Taminus na ƙarasa ta ina dako, buhu a ka, ruwa yana bin bayana. Da kaka ta yi wani mai shagon gilashi ya ga yadda nake riƙe abin yanka, ya ɗauke ni. Abin da lab ya bar mini ke nan. Dakta kuwa na ji an buga binciken da sunansa, na ji ya zama farfesa.

Yanzu an ce ɗalibai ba sa dama hoda. A kwali ake sayo abin a shirye, su yanka da almakashi. Kowane rufi da farantin sola. Uwani tana da obin na gas, 'yarmu ta saya mata. Tukunyar tana tsakar gida, an shuka attarugu a ciki.

Shekaranjiya Alhamis, ana yayyafi, shagona cike da masu fakewa da masu jiran luba, gilasan taga. Malam Inuwa tela ma yana ciki, shagonsa yana jikin nawa, ya tsufa, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Mota ta tsaya. Wani tsoho ya fito da sanda da 'yar takardar awo a hannu.

"Maigida, luba nake so, ƙanƙara ta gama da tagogina."

Ban buƙaci ɗaga kai ba. Muryar nan shekara shida tana kiran sunana. Shi kuwa ya dube ni sama da ƙasa bai ga kowa ba. Dama can bai taɓa kallon fuskata da kyau ba.

Na karɓi awon. Na yanka masa su ɗaya bayan ɗaya, na goge bakinsu don kada su yanke shi, na naɗe a kwali na ɗaure. Ya biya, na karɓa, haƙƙina ne. Sannan na yago takarda, na zaro fensir daga bayan kunnena na fara rubutu.

Ya ce, "Bar shi, ba na buƙatar rasit."

"Ba rasit ba ne, Oga."

Da ya ji kalmar Oga sai ya tsaya. Ya matso da fuskarsa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

"Tanko? Ikon Allah! Tanko, kai ne? Ashe kana nan." Ya waiga ya ga mutane sun yi tsit. Ya rage murya. "Ka ga, abin nan ya daɗe. Lokacin an matsa mini ne, ka san yadda aiki yake. A yafi juna." Ya tura hannu aljihu.

Na ce, "Wa ya ba ni gwangwanin?"

"Haba Tanko, a gaban mutane?"

"A gaban mutane aka buɗe shi. Wa ya ba ni?"

Ya kalli ƙasa. "Ni ne."

"Ɗaga murya. Malam Inuwa ba ya ji sosai, kuma shekara ashirin yana tsaron takalminsa saboda ni."

"Ni na ba shi," ya ce, wannan karon har na bakin ƙofa sun ji. "Bai saci komai ba."

Malam Inuwa ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ban kalle shi sau biyu ba. Na ninke takardar na soke ta a jikin igiyar kwalin, na tura masa kayansa.

Na ce, "Fitar da hannunka daga aljihu, Oga, ba abin da ke ciki da zai yi mini amfani. Ga takarda. Na rubuta cewa ni Tanko, da hannuna na ba ka gilasan nan, na sa hannu a ƙasa. Da fensir na rubuta, ko ruwa ya taɓa ta ba za ta zube ba. In wani ya tare ka a hanya ya ce sato su ka yi, ka ce a kira ni. Zan rufe shago in zo cikin ruwan nan in tsaya in ce na san ka. Yafiya kuwa, ka gangara Dilimi ka tambayi gidan matar da ta gasa maka farfesancinka a tukunyar kek tana aman jini. Har yau ba ka ce ya jikinta ba. Ɗauki kayanka, ka tare mini haske."